Ramin da Ya Ci Jakin Lauwali

Akwai wani manomi a Lafani, gefen Illela, zamanin Daular Usmaniyya tun ba a ja iyaka ba. Sunansa Lauwali. Geronsa ya fi na kowa, har ya ɗauka iyawarsa ce.

A ƙarshen gonarsa akwai tsohon kududdufi mai riƙe ruwa har tsakiyar rani. Saboda ruwan nan ne Jaɓɓo, wani dattijon Bafillace, yake sauka da shanunsa a gonar duk bayan girbi.

Wata rana jakin Lauwali ya kafe a laka ya mutu. Lauwali ya rantse sai ya cike ramin.

Jaɓɓo ya tarar da shi yana zuba ƙasa. Ya ce, "Kaɗo, mi kaka yi haka?"

"Ramin ga mugu na! Sauro, macizai, yanzu ga jakina."

"Mugu ga wa? Ka tambayi shanu?"

"Ni ba ni shawara da dabba."

Ya tara gayya aka cike rami. Maƙwabta suka yi ta sa masa albarka, wai ya kau da sharri.

Rani ya zo, babu ruwa, Jaɓɓo ya wuce Gidan Katta. To ina takin shanu? Shekara ta farko gero ya rage. Ta biyu rumbu bai kai rabi ba, ga baki goma sha ɗaya a gida.

Lauwali ya haɗiye girman kai ya bi Jaɓɓo har ruga. "Baffa, ka dawo."

Jaɓɓo ya yi dariya. "In dawo su sha mi? Jaki guda ramin ga ya ci, ka gani. Shekara ashirin yana ciyad da gidanka, ba ka gani ba. Yanzu na yi ma wani alkawari, ba ni tashi."

Washegari Lauwali ya ɗauki diga ya fara haƙe abin da ya cike, shi kaɗai. Waɗanda suka sa masa albarka su ne suka fara cewa ya haukace.

Darasi: Kafin ka kira abu mugu, tsaya ka tambaya: ga wa, kuma yaushe? Abin da ya cuce ka yau wataƙila shi ke riƙe da tukunyarka. Allah kaɗai ya san ƙarshen abu. Ku tura wa masu saurin yanke hukunci irina.