Mangwaron Da Baba Ya Shuka

Akwai wani matashi, auta a gidansu, da ya samu gurbi a makarantar koyon kula da itatuwan cikin gari. Ranar da ya faɗa a gida, yayansa ya yi dariya har da riƙe ciki.

"To Auta, yanzu bishiya ma sai an yi mata karatu? Ruwa fa kawai ake zuba mata."

Inna kuwa albarka ta sa masa, domin a tsakar gidan akwai wani ƙaton mangwaro da marigayi mijinta ya shuka da hannunsa. Shi ya gina dakalin siminti ya zagaye gindinsa, nan suke hira da yamma. Tun da ya rasu, nan Inna take wuni.

A makaranta Auta ya koyi rage rassa, ya koyi hawa da igiya, ya kuma koyi sauraron itace. Ana ƙwanƙwasa jikinsa da gudumar katako. In lafiyayye ne za ka ji shi a cike, in ya ruɓe ta ciki sai ya amsa kamar ganga.

Da ya zo hutu, zumuɗin sabon ilimi ya sa ya gwada a mangwaron gida. Ai kuwa sai ya ji ya amsa kamar ganga. Itacen fanko ne, ga shi ya karkata daidai kan ɗakin Inna.

Nan ya yi wauta irin ta ɗan koyo. Ko zama bai yi ba ya ce, "Inna, itacen nan sai an sare shi."

Inna ta dube shi sama da ƙasa.

"Na ɗauka raya itace aka tura ka koya, ashe zarto ka je ɗaukowa. Muddin ina numfashi, ba mai taɓa abin da ubanka ya shuka."

Daga ranar, in ya gaishe ta sai ta amsa a ciki. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Yaya ya ja shi gefe ya ce, "Bari ta fita unguwa mu kira masu inji. Za ta yi fushinta ta huce."

Auta bai yarda ba, amma kuma hankalinsa bai kwanta ba. Ko iska ta kaɗa, sai ya kalli rufin ɗakin nan. Da aka koma makaranta ya kai kukansa wajen malaminsu, wani dattijo da ɗalibai ke tsokana da Malam Sannu-Sannu, don ba ya gaggawa ko a shan ruwa.

Malam ya saurare shi tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, a kan itacen kana da gaskiya. Amma kowane itace a cikin gari yana da mai shi a zuciya. Ka zo za ka karɓe mata abu, me ka riƙo da za ka ba ta?"



Sai Malam ya kai shi lambun makaranta. Ya zaɓi reshe mai lafiya, ya ɓare ɓawonsa a zagaye kamar zobe, ya naɗe wurin da ƙasa mai danshi, ya ɗaure da leda.

"Reshen nan zai yi saiwa yana manne da uwarsa. In ka yanke ka dasa, ba ɗan itacen ka dasa ba, shi ne da kansa. Amma kafin nan, ka rage rassan da suka hau kan ɗakin, ka kuma fitar da ita daga cikinsa. Haƙuri daban, sakaci da rai daban."

Haka Auta ya yi. Ya durƙusa ya ba Inna haƙuri, ya nemi izinin rage rassa kawai, ta yarda da ƙyar. Ya lallaɓa ta ta koma ɗakinsa. Sannan ya yi ƙullin ƙasa a rassa masu kyau.

Yaya ya samu abin dariya. "Likita, yau kuma bandeji ake naɗa wa mara lafiyan?"

Watanni suka wuce. Rannan Auta ya kafa tsani, ya yanko reshe ɗaya ya kawo wa Inna. Ta cikin ledar ga fararen saiwoyi sun cika ƙullin.

"Inna, wannan shi ne mangwaron Baba. Ba irinsa ba, shi."

Ta daɗe tana shafa saiwoyin. "Har ɗanɗanon?"

"Har ɗanɗanon, Inna."

Ita da kanta ta dasa shi, nesa da ɗakuna, ta hana kowa ba shi ruwa sai ita. Ranar da ya fitar da sabon ganye, ta kira Auta ta ce, "Je ka zo da abokan aikinka."

Da aka sauke tsohon itacen, Inna ta zura hannu a kututturen, hannun ya shige har kafaɗa. Ta juya ta kalli ɗakinta, inda jikokinta suka saba barcin rana, sai hawaye.

"Me ya cinye shi haka?"

Auta ya sani sarai. Dakalin da Baba ya gina ne ya shaƙe gindin, ya riƙa tara ruwa har ya ruɓe. Amma me faɗin hakan zai gyara?

"Ya daɗe da ciwo, Inna. Yana dai daurewa yana ba mu inuwa."

Ta dafa kansa. "Ka yafe min, autana. Allah ya yi maka albarka. Malamin nan naka kuma, ka ce masa wata tsohuwa tana yi masa addu'a."

Yau Auta ya gama karatu, yana aiki. In za a sare itace a wata unguwa, shi ake fara turawa, kuma ba ya zuwa da zarto a zuwan farko. Yaya kuwa ba shi da labari a majalisa sai na ƙaninsa likitan itatuwa. Inna tana nan kullum da kujerarta, a gindin wani ɗan mangwaro da inuwarsa ko ƙafarta ba ta gama rufewa ba.

Darasi: Samun gaskiya bai isa ba, sai ka san yadda za ka miƙa ta ga wanda za ta yi wa ciwo. Kuma duk wanda ya koya maka sana'a ya haɗa maka da hali, kada ka daina gode masa. Tura wa wani mai koyon aiki, da malamin da ya yi maka rana.