Mai Gyaran Lasifika da Kunnen Jaririyarsa

Jama'a, ku ɗan ajiye abin da ke hannunku, labarin yau na iyaye ne.

Akwai wani mai gyaran rediyo da lasifika da mutanen layinsu suke kira Mai Kunne. Kuma wallahi ya ci sunan. Kana shiga shagonsa da kaya, kafin ka buɗe baki zai ce ka kunna, ya karkata kai ya saurara, ya nuna maka wayar da ta tsinke. Aibinsa ɗaya ne: tun da kunnensa bai taɓa ba shi kunya ba, sai ya ɗauka babu mahalukin da zai koya masa wani abu a kan ji.

Matarsa ta haifi 'yarsu ta biyu, aiki aka yi mata. Kafin a sallame su, wata nas ta saka wa jaririyar wata 'yar na'ura a kunne don gwada jinta. Na dama ya amsa, na hagu shiru. Washegari aka sake, haka dai.

Likita ta zaunar da uwar ta ce akwai wata ƙwayar cuta da suke kira CMV, tana iya kama jariri tun yana ciki, kuma kunne na cikin wuraren da ta fi taɓawa. Ta ba ta 'yar kwalba ta ce a kawo fitsarin yarinyar kafin ta cika sati uku, don bayan haka gwajin ba zai nuna ko da cutar aka haife ta ba. In ita ce, akwai maganin da ake so a fara cikin watan farko, ko Allah zai sa a tsira da kunnen da ya rage.

Da suka dawo gida uwar ta faɗa wa mijin, sai ya shiga kicin ya ɗauko murfin tukunya da cokali. Ya tsaya a kan jaririyar tana barcinta, ya buga. Yarinya ta zabura ta tsala kuka.

Ya kwashe da dariya ya ce, "To ga kurmar taku nan. Ki ce musu su kawo na'urar shago in duba ta."

Ni dai ban ga laifinsa duka ba. Tsoro ne ya cika masa ciki, ya rufe shi da dariya. Mutumin da duk rayuwarsa sauti ce, a ce 'yarsa ba ta ji? Ya gwammace ya ƙaryata asibiti gaba ɗaya. Har surukarsa ta ce ita za ta kai yarinyar, ya rantse babu mai sake taɓa masa 'ya da wata na'ura.

Matar ba ta yi faɗa ba, ga ɗinki a ciki, ko tsayuwa da ƙyar take yi. Ta ɗora kwalbar a kan firij, inda yake ajiye makullin shago. Kullum da safe in ya miƙa hannu sai ta ce, "Abban yara, yau kwana goma sha ɗaya da haihuwa." Gobe ta ce sha biyu. Shi kuma ya yi kamar bai ji ba, ya fita. Tana jin ya ja ƙofa sai ta goge hawaye ta ci gaba da shayarwa.

Ranar kwana goma sha takwas, wani direban bas ya tsaya a ƙofar shagon, yana so a canja masa maɓallin rediyo kawai. Mai Kunne na leƙawa cikin motar ya ce lasifikar hagu ta mutu. Direba ya ce ina, ya ƙure sauti har gilashi na rawa, ya ce wannan ce ta mutu?

Mai Kunne ya yi murmushin nan nasa na raini. Ya juya sautin duka zuwa hagu, motar ta yi tsit.

Ya ce, "Ka gani? Ɗaya ce take ɗauke da aikin biyu, shi ya sa kake jin ƙara. Ranar da ita ma ta ƙone za ka sani."

Bai gama rufe baki ba ya tuna kunnen 'yarsa. Direba na ta magana, shi kuwa murfin tukunya kawai yake gani a hannunsa. Ya ba direban haƙuri, ya kashe wutar shago, ya ja ƙofa.

Yana shiga gida ya ɗauko kwalbar da kansa. Ya tsuguna gaban matarsa ya ce ta yafe masa. Ita ko kalma ɗaya ta gori ba ta yi masa ba, auduga ta miƙa masa ta ce nas ta ce a saka a cikin famfas a jira. Hannun da ya saba da ƙananan wayoyi, shi ya matse audugar cikin kwalba, ɗigo ɗigo.

Sakamako ya fito, cutar ce. Uwar ta fashe da kuka tana cewa ita ta jawo wa 'yarta. Likita ta ce sam, mutane da yawa sun taɓa ɗaukar ƙwayar nan ba su ma sani ba, galibi daga yawun ƙananan yara, ko cin ragowar abincinsu ko goge musu hanci. Wace uwa ce ba ta yin wannan?

Mai Kunne ya tambaya, da muryar da ba a san shi da ita ba, ko jikin yarinyar ba ya kare kansa ne.

Likita ta ce, "Yana yi, tun tana ciki. Ƙwayoyin garkuwar jikinta sun gane cutar, sun ƙaru, suna riƙe da ita. Sai dai sababbin hannu ne, ba su kai na babba saurin murƙushe ta ba. Maganin tallafa musu zai yi. Kunnen hagu ba na jin zai dawo. Na dama muke wa yaƙi, kuma ban yi maka alkawari ba."

Wata shida ana ba ta magani safe da yamma. Ana yawan ɗibar jininta don a ga ko maganin bai rage mata fararen ƙwayoyin jini ba. Mutumin da ya rantse ba mai taɓa masa 'ya, shi yake riƙe mata ƙafa ana tsira allura, yana kau da kai.

Da ta shekara aka sake gwajin kunne. Na hagu ya tafi. Na dama yana nan garau.

A bakin ƙofar asibitin ya juya ta a kafaɗarsa, ya kai baki kusa da kunnenta na dama, ya kira ta a hankali, ƙasa-ƙasa. Ta waiwayo ta kama masa hanci tana dariya. Nan ya zauna a kan matakala ya yi kukan da ya riƙe shekara guda.

Darasi: Ƙwarewarka a sana'arka ba ta sa ka zama likitan ɗanka ba, kuma tsoro yakan zo da kamannin girman kai. In an ce a gwada jariri, a kai shi a kan lokaci, don wasu gwaje-gwajen suna da ranar ƙarewa. Ku tura wa duk mai juna biyu da duk sabon uba da kuka sani, wataƙila kunnen wani yaro ne za ku ceta.