Mai Kunne da Ɗakin Gilashi

An yi wani makaniken injinan saƙa da abokan aikinsa suka laƙaba wa suna Mai Kunne, domin tun daga bakin ƙofa yake jin kukan inji ya faɗi abin da ke damunsa. Shekara goma sha tara ya yi a masaƙa. Aibinsa ɗaya ne: kunyar baƙin man da ke farcensa yake ji. Kullum idonsa na sama, kan ɗakin gilashin manaja, inda fanka ke juyawa a hankali, labule na lilo, ga kujera mai juyi. Sau nawa ya ga kansa a ciki da farar riga, yana kurɓar shayi? Allah kaɗai ya sani.

Da masana'antu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya a faɗin ƙasar, tasu ma ta bi sahu. Wata huɗu yana zaune, kitson da matarsa ke yi ne ke riƙe da gidan. Ana haka sai gidauniyar unguwa ta kira marasa aiki, a rubuta sana'ar kowa a kati don a nema masa gurbi.

Jami'ar gidauniyar ta ɗaga biro. "Baba, me ka iya?"

Ya tura hannayensa ƙarƙashin tebur. Ɗakin gilashin nan ya gifta masa a ido, har iskar fankar ya ji a wuyansa.

"Rubuta aikin ofis. Kula da ma'aikata."

A gida matarsa ta riƙe baki. "Ofis? Kai da ko wasiƙa sai 'yarka ta rubuta maka? Haba Baban yara, koma ka faɗa musu gaskiya."

"Ke dai zuba ido. Ni da baƙin mai mun yi sallama."

Ya ci gaba da zama a gindin bishiyar ƙofar gida, yana lumshe ido yana shirya ofishinsa: nan tebur, can tukunyar fure. Shiru, ba kira.

Wata safiya yana wucewa ta bayan ginin gidauniyar, sai wani sauti ya tsayar da shi cak. Injinan tsohuwar masaƙarsu ne! Ashe gidauniyar ta sayo su don koya wa matan unguwa saƙa. Kuma na kusa da taga yana tsallake zare. Bai san lokacin da ƙafarsa ta kai shi ciki ba. Ya karɓi sifana, ya ɗaure nan, ya sassauta can, nan take inji ya dawo hayyacinsa.

Jami'ar ta saki baki. "Baba, dama kai makanike ne? Wata uku muna neman wanda zai shugabanci wurin nan! Mun zazzage akwatin masu sana'ar hannu kaf. Katinka kuwa yana cikin na masu neman ofis, su ɗari huɗu."

"To ai ga ni, 'yata."

"Wallahi na so. Jiya wani daga nesa ya sa hannu, gobe zai kama aiki. Ga ma ɗakinsa can."

Mai Kunne ya juya. Ɗan ɗaki ne na gilashi, da fanka, da kujera mai juyi, ko ledarta ba a cire ba. Ya daɗe yana kallo. Ya ajiye sifana ya fita, yana tunanin abin da zai gaya wa matarsa.

Jama'a, mai son taimakonka da abin da ka gaya masa yake nemanka. Kada kunya ko dogon buri su sa ka ɓoye sana'ar da Allah ya sa a hannunka. In an tambaye ka me ka iya, faɗi gaskiya, domin wataƙila ta nan ne abin da kake mafarki zai zo.