Galla da Hanyar Kanya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, kunne na jira!

Galla mai guntun fiffike, ƙanwar Zuma, ita ma mai yin zuma, tana zaune a wani ɗan kurmi da gonaki suka raba da babban daji. Kowace bazara sai zafi ya ƙone fure, danginta suna ta raguwa.

Zuma ta leƙo ta ce, "Ƙanwata, taso mu koma babban daji. Can dangi iri-iri, fure ba ya yankewa."

Galla ta ce, "Yaya, da wane fiffiken? Ko gona ɗaya ba na iya ƙetarewa."

Sai ta kira Biri, sarkin kwaɗayi. "Malam Biri, zan riƙa ba ka zuma, amma kanyarka a hanyar daji za ka riƙa sha, kana tofar da ƙwallon."

Biri ya ce, "Tofarwa kawai? Ai nan na fi kauri!"

Ƙwallayen suka tsiro, bayan damina bakwai kanyoyi suka tashi a jere. Galla ta bi su tana hutawa har daji, da za ta dawo dangin can ma suka biyo ta, ɗan kurmi ya cika maƙil. Biri kuwa har yau yana taƙama wai shi manomi ne.

Ƙurunƙus kan ɓera! Mai musu ya je ya ƙirga kanyoyin.