Tulun Irin Malam Tanimu

Ke Zuwaira, wace irin tambaya ce wannan? Ki zauna kan tabarmata, ki cinye tuwona, sannan ki ɗaga ido ki ce, "Kaka, da ke ce tsohuwar nan ta fim ɗin 'yan Sin, za ki so a gaya miki?" Ba ki da kunya. Ai na ji kina ba ƙannenki labarin: likita ya ce cutar tsohuwa ba ta warkewa, 'ya'yanta suka ɓoye mata, suna dariya a gabanta suna kuka a bayan ƙofa. Ajiye wayar nan. Ku ma ku matso, ku ji abin da na gani da idona.

Ina amarya a Gumel, uwar mijina, Goggo Delu, ta kwanta. Aka kai ta asibiti, aka dawo da ita, ba wanda ya gaya mata abin da likita ya ce. Kakanku Mamuda, wanda kullum sai sun yi musu da ita, ya koma "To, Goggo" ga duk abin da ta faɗa. Rannan ta ce masa akuyarsa namiji ce, ga ta da ciki kowa na gani. Ya ce, "Haka ne, Goggo."

Ta ce, "Zauna, ɗan nema. Yau za ka ji labarin Malam Tanimu."

Ga yadda ta ba shi. Malam Tanimu manomi ne a ƙauyensu. Kowace kaka yakan zaɓi zangarniyar geron da ta fi kyau, ya sussuke, ya zuba a tulu, ya liƙe baki da laka, ya binne inda shi kaɗai ya sani, don kada yunwar bazara ta sa a daka iri a sha kunu. Da ciwo ya kama shi, mai magani ya gaya wa 'ya'yansa gaskiya. Su kuwa suka riƙa cewa, "Baba, sauƙi na nan tafe." Ya ce, "Madalla, in na miƙe ni zan tono muku tulun." Bai miƙe ba. Ruwan shuka ya sauka, maƙwabta suna gona, 'ya'yan Tanimu suna haƙa tsakar gida kamar masu neman rijiya. Ba su samu ba.

Goggo ta ce, "Ka ji tausayin da suka yi masa. Ni ma ina da tulu a binne, Mamuda. Shekara goma sha ɗaya ba ma magana da ƙanwata Barira. Kwana nawa likita ya ba ni?"

Kakanku ya fashe da kuka, ya faɗa mata. Washegari ya ɗauko Barira a motar kasuwa. Suka yi faɗa har azahar, suka yafi juna, suka ci fura a ƙwarya ɗaya. Goggo ta ƙara wata uku, kuma ban taɓa ganin ta da sakin fuska kamar lokacin ba.

To, Zuwaira, ba don fim kika yi tambayar nan ba. Tun da muka dawo daga asibiti ubanki ke gaishe ni sau huɗu a rana. Uwarki ta ɓoye min taɓarya. Jiya na ce miyarta ba gishiri, ta ba ni haƙuri, ita da ba ta taɓa ba! Kuna tsammani ban sani ba? Ubanki na can yana Turanci da likita, na kama hannun nas na ce ta faɗa min da Hausa. Ta faɗa. Hanta ce, wata shida ko abin da Allah ya yi. Likkafanina na cikin akwati tun kafin a haife ki.

Yi kukan, ki gama. Kin ga yadda kafaɗarki ta sauka? Ni ma na gaji da yi muku wasan ban sani ba.

Me kika ce? Ɗaga murya. Za ki gaya wa ubanki da safe na sani. Yauwa. Ki ce a dawo min da taɓaryata, kuma ya koma yin musu da ni yadda ya saba. Sannan ki jiƙa kalwa. Duk gidan nan ba wadda ta iya daddawata, kuma ba zan bar ku kuna haƙa tsakar gida ba.

Ku tashi, ku wanke hannu, kowa ya je ya kwanta.