Mutumin da Ya Kira Balarabe Ɓarawo

An yi wani mutum a Umdurman ta ƙasar Sudan, ɗan kasuwa, jikan Hausawan nan da suka sha wahalar auduga a gonakin Jazira kafin 'ya'yansu su gangaro birni. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa. Abin da ya same shi ya ishe shi.

Mutumin nan ba mugu ba ne. Wannan ku riƙe shi tun daga farko. Mai salla ne, mai zumunci, ba a taɓa jin ya ci haƙƙin wani ba. Sana'arsa sayar da wayoyi masu tsada da kwamfutoci. Yana da ɗan teburi mai gilashi a wani lungu na Suk al-Arabi, babbar kasuwar nan ta Khartum, amma ainihin shagonsa a cikin waya yake. Ya ɗauki hoton kaya, ya saka a zaurukan saye da sayarwa na intanet, mai so ya yi masa magana, su daidaita, su haɗu. A irin wannan ciniki mutum ba shi da jarin da ya wuce sunansa. In aka ce wane mai amana ne, ya ci abinci. In aka ce akwai shakka a kansa, ko zinariya ya saka ba mai taya masa.

Kun dai san yadda ciniki ya koma. Ba mai yawo da damin kuɗi. Mai saye ya tura ta manhajar banki, ya nuna maka ish'ar, wato hoton shaidar cewa kuɗi sun fita daga wurinsa, kai kuma ka miƙa kaya.

To, wata rana wani dattijo ya zo masa. Jallabiya fara ƙal, rawani kamar limamin Juma'a, ƙamshin turare yana riga shi isowa. Ya zaɓi wayoyi mafi tsada, ya nuna ish'ar, har ya ɗaga hannu ya yi wa kasuwa addu'a, sannan ya hau raksha, keken nan mai ƙafa uku, ya tafi. Ish'ar ɗin na jabu ne. Kuɗin nan har yau ba su shigo ba.

Jari ya karye. Matarsa Hajaratu ce ta zare awarwaron zinariyar aurenta ta ɗora masa a tafin hannu, ta ce ya kai kasuwa ya sake tashi. Ya tashi kuwa. Amma duk lokacin da ta miƙo masa shayi ya ga hannunta fayau, sai ya kawar da kai. Ya yi rantsuwa a ransa: duk wanda ya sake gwada masa wannan wasa, sai duniya ta ga fuskarsa.

Wa zai ga laifinsa? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Sai dai Shaiɗan, ya 'yan uwa, ba ya shiga ta ƙofar da ka rufe. Ta wurin ciwonka yake shiga.

Ana nan, ya saka hoton wata kwamfuta mai tsadar gaske. Wani ya yi masa magana da Hausa tsantsa, ya ce sunansa Balarabe, ɗalibi ne daga Najeriya, yana karatun addini a wata jami'a nan Khartum, yana so ya rubuta kundin kammala karatunsa. Suka daidaita. Bayan azahar sai ga shi, saurayi siriri, baƙi wuluk, da hula zanna da 'yar jaka a kafaɗa. Ya duba kwamfuta, ya yi murmushi, ya ciro waya ya tura kuɗi, ya juyo da ita.

"Ga shi, Kawu. Sun fita."

Mutumin ya duba tasa wayar. Ba abin da ya shigo. Ya sake dubawa. Shiru. Ranar shabaka, wato layin intanet, tana ta yankewa a duk kasuwar, kowa ya sani, har mai shayin bakin lungu tana ta mita a kai. Amma shi bai jira ba. Ya karɓi wayar saurayin ya ƙura wa ish'ar ido. Sunan da ke jiki: Salahuddin Ishaku.

"Kai, ya ka ce mini sunanka?"

"Balarabe."

"To wane ne Salahuddin?"

"Ni ne, Kawu. Shi ne sunan yanka. Balarabe kuwa ranar Laraba aka haife ni, shi ya sa..."

Ya 'yan uwa, duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan. Ɗanladi, Ɗanjuma, Balarabe, Talatu, sunayen rana ne, kowa da sunansa na gaskiya a ƙarƙashi. Amma mutumin nan a Umdurman aka haife shi, Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausarsa ta cikin gida ce. A kunnensa Balarabe ma'ana ɗaya gare shi: mutumin Larabawa. Ga kuɗi ba su shigo ba, ga suna biyu, ga baƙin yaro yana ce masa shi Balarabe ne. Bai ga saurayin da ke gabansa ba. Dattijon nan mai rawani ya gani.

Ya cafki wuyan rigarsa ya kwarma ihu: "Harami! Ɓarawo!"

Kun san Suk al-Arabi. Kalmar nan ba ta faɗuwa ƙasa. Kafin ƙiftawar ido an yi zobe. Wani ya fizge jakar, wani ya ture hular, wani ƙato ya ɗauke shi da mari a kunne har ya durƙusa. Wani yana dariya yana cewa, "Wai shi Balarabe! Ya zol, kai mutumin nan, ka taɓa duba madubi?" Saurayin yana ta cewa, "Ku jira, don Allah ku jira, kuɗin za su shigo." Ba mai ji. Mutumin kuwa hannu ɗaya a wuyan riga, ɗaya riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo. Da ƙyar wasu dattawa suka janye yaron suka tura shi cikin raksha, jini a gefen wuyansa, ba kwamfuta, ba hula.

Nan take mutumin ya saka bidiyon a duk zauren da yake ciki, ya rubuta: ku kiyayi wannan macuci, yana yawo da suna biyu.

Bayan la'asar ya rufe teburi ya hau bas zuwa gida. Suna tsakiyar gada, ruwan Nilu yana ƙyalli a ƙasa, wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Ya ciro. Kuɗi sun shigo, cif-cif, daga Salahuddin Ishaku.

Ku tsaya nan, ya 'yan uwa, domin a nan maganar take. Abin da ya faru a kasuwa kuskure ne, mummunan kuskure, amma ƙofar gyara a buɗe take. Da ya so, da ya sauka a ƙarshen gada ya juya. Da ya rubuta layi ɗaya: na zalunci bawan Allah, kuɗinsa sun iso. Me ya hana shi?

Ya buɗe zauren. Mutane sun yi ca. Wannan ya ce Allah ya yi maka albarka, wancan ya ce namiji, wani ya ce da kowa irinka ne da macuta sun ƙare. Sababbin masu saye suna ta yi masa magana, suna cewa mai irin wannan tsantseni shi ne abin yarda. Tunda yake, ba a taɓa yabonsa haka ba. Ya ce a ransa, bari ƙura ta lafa, gobe.

A gida ya kasa cin abinci. Hajaratu ta matsa masa har ya faɗa mata. Ta dafe ƙirji.

"Baban Hiba, kakanka fa? Ba Ɗan'asabe ake ce masa ba? Ka taɓa jin an raɗa wa jariri Ɗan'asabe a ranar suna?"

Ta ci gaba:

"Tashi ka nemi yaron mutane tun rana ba ta faɗi ba."

"In na faɗa, sunana ya mutu a kasuwa. Da me za mu ci? Kina da wata zinariyar?"

Ta dube shi kawai.

Gobe ta zo, ya ce jibi. Ya so ya mayar da kuɗin a ɓoye, ya tuna mayarwar ma shaida ce a kansa. Ya so ya goge bidiyon, ya ga za a tambayi dalili. Kwamfuta tana ƙarƙashin gado, kuɗi suna cikin asusu. Kun ga yadda abin ya juya? Mutumin da ya rantse zai tona asirin masu cin dukiyar mutane, ga shi zaune da kayan wani da kuɗin wani, yana salla yana kasa haɗa hankalinsa a sujada.

Shi kuwa Balarabe, duniya ta yi masa ƙunci. Masallacin unguwar da yake koyar da yara karatu suka ce ya ɗan dakata. A makaranta ana nuna shi da baki. Kunnen da aka mara ya daina ji. Bidiyon ya ƙetare sahara ya isa garinsu, har wayar mahaifinsa, wanda ya sayar da shanun nomansa ya aiko da kuɗin kwamfutar. Yaro mai kunya ne. Bai kai ƙara ba, bai yi gardama ba. Ya tattara littattafansa ya koma gida, kundin bai rubutu ba.

Amma abokan karatunsa ba su haƙura ba. Suka je wurin Malam Muhajir, wani dattijon Bahaushe da ɗaliban Najeriya da Nijar suka ɗauka uba a garin. Ran nan da hantsi, kasuwa ta cika, sai ga Malam da sandarsa da ɗalibai a bayansa. Ya yi sallama, ya tsaya gaban teburin. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, ban zo faɗa ba. Ka ce kuɗin yaron nan ba su shigo ba. Buɗe wayarka a gaban jama'a mu gani. In haka ne, ni da kaina zan ba ka haƙuri."

Mutumin ya ciro waya. Ya ce shabaka ba kyau. Maƙwabcinsa mai sayar da caja ya ce, "A'a, yau kam lafiya lau take." Ya ce ya manta lambar sirri. Jama'a suka yi tsit, kuma a cikin shirun nan kowa ya gane. Sai kawai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu.

Ba wanda ya taɓa shi. Malam ya hana. Amma kafin azahar an cire shi daga kowane zaure. Masu ba shi kaya suka aiko aka kwashe nasu. Waɗanda suka kira shi namiji su suka fi kowa zaginsa. Ya mayar da kuɗin, ya haɗa da kwamfutar, ya roƙi Malam ya aika. Teburin nan mai gilashi wani ne a kansa yanzu.

Ya kwashi iyalinsa suka koma Jabal Awliya, kudu da Khartum, wurin yayan Hajaratu mai sana'ar kifi. Mai sayar da waya mai tsada ya koma ɗaukar kwandon kifi daga bakin madatsar ruwa zuwa mota. Bai yi ƙorafi ba. Abu ɗaya ya hana shi sukuni, har sai da ya samo lambar Balarabe ya kira shi, yana kuka kamar yaro.

Saurayin ya saurare shi har ya gama, ya ce, "Kawu, ɗaga murya, wannan kunnen ba ya ji." Mutumin ya maimaita. Sai saurayin ya ce, "Dukan na yafe. Karatun ma Allah bai nufa ba. Abu ɗaya nake roƙo, ka cire bidiyon nan. Duk inda na je neman aikin koyarwa, ya riga ni isa."

Mutumin ya cire nasa. Ya rubuta gaskiya ya aika duk inda zai iya. Amma wa ke yaɗa gyara? Ƙarya ta hau jirgi, gaskiya tana tafe a ƙasa.

Wata safiya a bakin ruwa, masunta sun taru kan wayar wani suna ta dariya. Ɗaya ya yafuto shi: "Zo ka ga wani ɓarawon Najeriya da aka kama a Suk al-Arabi, wai shi Balarabe!" Ya leƙa. Ga yaron a durƙushe yana cewa ku jira. Ya ajiye kwando ya ce, "Wallahi ba ɓarawo ba ne. Ku goge, don Allah. Hannun nan da ke wuyansa nawa ne, ƙarya na yi masa." Suka dube shi, da warin kifi da tsohuwar riga, suka fashe da dariya. Mai wayar ya ce, "Kai dai ɗauki kwandonka," ya danna ya tura wa wani.

Ya 'yan uwa, macuta suna nan, ban ce babu ba. Addini bai ce ka zama wawa ba. Kada ka miƙa kayanka sai ka ga kuɗi a asusunka da idonka, ba a hoton wayar wani ba. In shabaka ta tsaya, kai ma ka tsaya. Ka ba mai saye kujera, ka sa a kawo masa shayi, kayanka a hannunka, mutuncinsa a hannunsa. In macuci ne, da kansa zai tuna yana da uzuri ya sulale. In mai gaskiya ne, me ka rasa? Kofin shayi.

Tsare dukiyarka halal ne. Yanke hukunci a kan zato shi ne haram. Wanda ya fi wannan muni kuwa shi ne ka ga gaskiya ƙuru-ƙuru ka danne ta don kada a ce ka yi kuskure. Dukiya in ka ci, kana iya mayarwa. Mutuncin Musulmi in ka watsa a wayoyin mutane, gidan wa za ka bi ka tsinto shi?

Allah ya kiyaye mu daga zaton da ke rufe ido, da yabon da ke ɗaure harshe. Ya tsare mu daga macuta, ya tsare bayinsa daga hannunmu. Ya musanya wa wanda aka zalunta da mafi alheri, ya dubi hawayen wanda ya yi nadama. Amin.