Tukunyar Tangaran ta Tabawa

An ce wai a wani gari na fatake an yi wata dattijuwa mai suna Tabawa, wadda ta gaji tukunyar tangaran mai murfi daga mahaifiyarta. Fara ce mai zanen shuɗi, tsufa ya bi jikinta da ƙananan tsagu kamar saƙar gizo. Irinta ce masu tara tsofaffin kaya ke nema ido rufe.

Da damina ta kayar mata da ɗaki, sai ta kai tukunyar ajiya wurin maƙwabcinta Tanimu, dillalin tsofaffin kaya, mutumin da bakinsa ya fi hajarsa kyau. Bayan an gyara ɗakin, ya miƙo mata tukunya. Zanen shi ne, girman shi ne, amma hannu ya san abin da ya saba ɗauka.

Ta ce, "Malam Tanimu, wannan ba tawa ba ce. Ga tawa can a bayanka."

Ya ce, "Haba Gwaggo, tsufa ne ya fara taɓa ido. Waccan daga gidan wani attajiri na saye ta."

'Yan'uwa suka ce ta bar wa Allah, tukunya ai tukunya ce. Tabawa ta ce ko za ta ƙare da rarrafe sai ta je gaban alƙali, domin abin da ya rage mata na uwarta ke nan.

Alƙali Sambo ya sa aka ajiye tukwanen biyu a gabansa. Babu shaida, kowa kuma a shirye yake ya rantse. Ya juya tsohuwar, ya dubi gindinta da ya goge, ya ce wa Tanimu, "Me ya ba wannan daraja?"

To, dillali ba ya jin an tambayi darajar kaya ya yi shiru. Ya gyara zama ya ce, "Allah ya gafarta malam, tsufa da tsarki. Ado kawai aka yi da ita. Tun da aka gasa ta, ko ɗigon ruwa bai shiga cikinta ba, kuma irin wannan masu saye suka fi so."

"Ke fa, Tabawa?"

"Allah ya gafarta malam, ni ban san tsarkinta ba. Tun ina rarrafe uwata ke zuba alkaki da zuma a ciki, mu yi ta zagaye ta har ranar salla."

Alƙali ya sa aka wanke tukwanen da sabulu, ciki da waje. Tabawa ta ga ana wanke ɗan abin da take fatan a sansana. Duk da haka ba ta motsa daga tabarmarta ba.

Aka kai su gindin katanga, inda rana ta fi zafi. Tanimu har yana hira da 'yan kallo. Can da tangaran ya ɗauki zafi, sai ga kiyashi sun yi layi. Suka wuce sabuwar ko kallonta ba su yi ba, suka haye tsohuwar, suka bi tsagun nan ɗaya bayan ɗaya har suka yi mata baƙi.

Alƙali ya ce, "Sabulu saman tangaran yake wankewa. Zumar da ta shekara tana shiga tsagu kuwa, zafi ne ke fito da ita. Tanimu, ga shaidu sun zo, ba wanda ya kira su, ba wanda zai iya saye su. Me suke lasa a tukunyar da ko ruwa bai shiga ba?"

Alƙali ya ba Tabawa tukunyarta. Aka hana Tanimu karɓar ajiya da dillanci a garin.

Tabawa ta hure kiyashin a hankali, ba ta kashe ko ɗaya ba. Ta kai hancinta bakin tukunyar mai ɗumi, ta ji ƙamshin ɗakin uwarta. Sai a lokacin ta yi kuka.

Masu hankali suka ce: kayan da aka mora da ƙauna ba ya manta gidansu, kuma mai ƙarya da yabon bakinsa yake kama kansa.